Sallau Kyaftin a Gindin Matsirga

Wani mutum ne a garinmu Gumel, sunansa na yanka Sallau, amma in ka kuskura ka kira shi Sallau zalla, sai ya yi kamar da bango kake magana. Sai ka ce Kyaftin. To, a nan ne zai waiwayo a hankali, ya gyara zaman wata farar hula mai baki da ya tsinto a gwanjo, ya ce, "Ina jin ka."

Shekara bakwai ya yi ba ya gari. Da ya dawo, ya dawo da hular nan, da jaka ɗaya, da baki cike da labarin teku. Wai a jirgin ruwa ya yi aiki. Wai babu gaɓar da bai taka ba daga Dakar har Duwala. Mu kuwa mutanen Gumel, ruwan da muka sani na rijiya ne da na kududdufi, sai mu yi tagumi a teburin mai shayi muna sauraro. Ya ce ya taɓa yin kwana uku yana iyo bai huta ba, sallah ma da ishara ya riƙa yin ta. Ya ce akwai kifin da ya haɗiye masa agogo, bayan wata biyu suka sake gamuwa, ya gane shi ta ƙarar agogon a cikinsa. In ka yi dariya sai ya dube ka sheƙeƙe.

"Ba laifinka ba ne," in ji shi. "Mutumin da bai taɓa wanka da abin da ya wuce bokiti ba, me zai gane?"

Akwai wani mai kai shanu Kudu da ya rantse da Allah ya gan shi a tashar Ogbomosho yana yankan farce, da ɗan almakashinsa da kumfa a gwangwani. Sallau ya ce wannan wani ne mai kama da shi. Aka bar maganar, domin ba wanda yake da ƙarfin musu da bakin nan nasa.

Ni kuwa da nake ba ku labarin nan, Lawandi ne, direban Alhaji Nababa mai manja. Shekara goma sha tara ina jan sa. Alhaji mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma yana da ciwo ɗaya: duk wanda ya iya zuba zance ya gama da shi. Ya gaji da sayen kaya a hannun dillalai, sai ya yanke shawarar ajiye wakilinsa na kansa a bakin tekun Kamaru, mai saya masa manja da busasshen kifi yana lodo zuwa Arewa. Wakilin zai samu shago, da ɗakin kwana, da sabon babur. Sallau, wanda tun dawowarsa ba shi da sana'ar da ta wuce gyaran hula, ya ji labari. Kafin kwana uku ya koma sallah a masallacin ƙofar gidan Alhaji, sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa.

"Alhaji, bakin teku ai tsakar gidana ne. Ko ido aka ɗaure mini zan kai ka."

"To madalla," in ji Alhaji. "Mu je tare in gani da idona. In na ga ka san wurin, wakilci naka ne."

Motar da muka ɗauka wata farar jif ce da Alhaji bai fi wata biyu da saye ba. Ko goro ba a ci a cikinta. In ƙuda ya sauka a gilashi, da hannun babbar rigarsa yake gogewa. Ni kaina sai na kakkaɓe ƙafa sau biyu kafin in shiga.

Kwana huɗu muna tafiya. Muka bi ta Yola, muka tsallaka Garwa, muka gangara Yawunde. Sallau na gidan gaba kusa da ni, bakinsa bai huta ba ko na minti ɗaya. Ya ce ya iya Faransanci kamar ruwa. A wani shinge jandarma ya leƙo ya yi tambaya, Sallau ya ɗaga hanci ya ce, "Wi, wi!" Sai ga mu a gefen titi, an zazzage mana kaya kaf, har da ƙullin kilishin Alhaji. Awa biyu muka yi a rana. Ashe tambaya mutumin ya yi ko muna ɗauke da abin da doka ta hana, gogan kuwa ya amsa masa da "eh, eh". Sallau ya ce ai Faransancin tudu ne wannan, nasa na cikin ruwa ne.

Muna wuce Duwala muka ɗauki hanyar kudu, sai ya miƙo mini hannu.

"Kawo makulli."

"Na me?"

"Na mota mana. Tuƙin bakin teku daban yake. Iskar gishiri tana jan sitiyari. Wanda bai saba ba sai ya jefa mu daji."

Na waiwaya na dubi Alhaji, ina jiran ya tsawatar masa. Sai na ji ya ce, "Lawandi, ba shi. Kowa da fanninsa."

Jama'a, raina ya ɓaci. Shekara goma sha tara ban taɓa goga wa Alhaji ko madubi ba, yau ni ake saukewa saboda mai hular gwanjo. Na ba shi makulli, na zagaya na zauna a kujerarsa.

Da hantsi muka sha wata kwana, daji ya buɗe, sai ga ta. Teku. Ruwa ne ba iyaka, ya tafi ya tafi har ya haɗe da sama. Alhaji yana ta "Tabarakallah, tabarakallah." Ni kuwa gefen idona na kan Kyaftin. Bakinsa a buɗe, ido ya firfito, har mota ta fara barin hannunta sai da na kama masa sitiyari.

"Kyaftin, lafiya?"

Ya gyara zaman hula. "Ta ƙara girma tun bayan tafiyata."

Muka ci gaba da tafiya, teku a dama, daji a hagu, bishiyoyin kwakwa sun jeru a gefen titi. Can sai muka fara jin wata ƙara, guuuu, kamar an kunna injinan niƙa ɗari a lokaci ɗaya. Muka ga motoci sun tsaya a gefen hanya, mutane suna gangarawa da wayoyi a hannu. Alhaji ya ce a tsaya.

Matsirga ce. Kogi guda ne ya keto daji ya zo kan wani baƙin dutse mai faɗi, ya rasa hanya, ya faɗo ƙasa fari fat. Feshinsa yana tashi sama kamar hayaƙi, ya sauko maka a fuska da sanyi, ga bakan gizo ya ratsa ta ciki tsakar rana. A ƙasa kuma ruwan ya baje a kan rairayi, ya rarrabu, yana malala har ya je ya shige teku can nesa. Na tsaya ina kallo, abin ya ba ni sha'awa kuma ya ba ni takaici. Ruwan da zai shayar da Gumel da Maigatari har da dabbobinsu, ga shi yana zuba cikin gishiri a banza, dare da rana, ba mai tara ko tulu ɗaya.

"Ƙarama ce wannan," in ji Sallau. "Na taɓa yin wanka a wadda ta ninka ta goma."

A saman gangaren akwai rumfunan masu abinci. Muna wucewa sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, mutanen Arewa!" da Hausa raɗau. Wata dattijuwa ce, ƙatuwa, baƙa, da damatsa irin na masu daka, tana juya kifi a kan garwashi. Inna Delu sunanta. Ta ce kakanta Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ya zauna, ita kuwa nan aka haife ta, nan ta tsufa. Ta shimfiɗa wa Alhaji tabarma, ta ce a gasa mana kifi da agada.

To, mu direbobin Arewa muna da wata ɗabi'a, ba zan ɓoye ba. In muka ga ruwa ya kwanta a gefen hanya, rafi ne ko fadama, sai mun tsoma mota mun wanke. Jikinmu har ƙaiƙayi yake yi. Ni ma da na dubi jif ɗin nan ta yi ja wur da ƙasar kwana huɗu, na dubi ruwan daɗi yana malala a kan shimfiɗaɗɗen rairayi, sai da zuciyata ta raya mini. Amma na lura da abu biyu. Kwalekwalen masunta duk an jawo su can sama gindin kwakwa an ɗaure, nesa da ruwa. Duwatsun ƙasa kuma suna da wani zane na danshi da gansakuka, ya kai ƙirjin mutum.

Sallau bai lura da komai ba, shi dai ya ga wurin burge Alhaji.

"Alhaji, gishirin iskar nan cin ƙarfe yake yi. In ba a wanke motar nan yanzu ba, kafin mu koma Gumel ta zama rariya. Bari in gangara da ita."

Na ce, "Kyaftin, me ya sa masu jirage suka kai nasu can sama?"

"Ƙauyanci. Tsoron ɓarayi suke yi."

"Zanen da ke jikin duwatsun nan fa?"

"Na damina ne. Kai, Lawandi, in ba ka san abu ba ka riƙa yin shiru."

Inna Delu ta ajiye mafici. "Ɗan nan, ina za ka kai mota?"

"Can ƙasa, Inna, inda ruwan daɗi ya baje."

"A'a. Kada ka fara. Ruwan nan da ka ga ya ja baya, kiwo ya tafi. Yanzu zai juyo gida."

Sallau ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Kiwo! Alhaji, ka ji fa. Teku ta zama akuya. Inna, ki ji da kifinki kada ya ƙone. Ni da kike gani, a kan ruwa na ci, a kan ruwa na kwana, shekara bakwai."

Ta dube shi tun daga hula har silifa. "A kan wane ruwan?"

Ya kaɗa makulli a yatsa ya nufi mota. Na matsa kusa da Alhaji na rage murya na ce, "Ranka ya daɗe, matar nan a nan aka haife ta. A saurare ta."

"Lawandi," in ji Alhaji, "tun da aka karɓi makullin nan kake cika kana batsewa. Hassada ba kyau. Bar mai sani ya yi aikinsa."

Shi ke nan. Na ce Allah ya ba da sa'a. Inna Delu ma ta taɓe baki ta ɗauki maficinta.

Ya gangara ta hanyar da masunta ke jan jirage, ya bi ta kan rairayi yana ta yin hon don a kalle shi. Bai tsaya kusa ba. Sai da ya wuce duwatsu, ya tsallake wani ɗan kwari mai ruwa iya idon sawu, ya hau wani tudun rairayi can tsakiyar fili, inda duk wanda ke sama zai gan shi sosai. Ya tuɓe riga ya rataye a madubi, daga shi sai singileti da hula. Ya buɗe ƙofofi huɗu da but. Ya fito da kafet-kafet ya shanya. Ya yi ta dirza yana waƙa. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ya iya wanki, mota ta fito tana ƙyalli.

Da ya gama, sai ya ga ya kamata ya yi alwala da ruwan teku, don a san shi ɗan gida ne. Ya taka har bakin ruwa, ya tsuguna, ya kamfata ya kai baki. Daga nesa muka ga ya zabura ya furzar, yana kakari yana goge harshe da singileti. Daga baya da aka tambaye shi, cewa ya yi bana gishirin ya yi yawa.

Mu kuwa muka bi wata 'yar hanya muka hau saman matsirga. Alhaji ya sa na ɗauke shi hoto ta gaba, ta gefe, da hula, ba hula. Muka sauko muka yi azahar a rumfar Inna Delu, aka kawo kifi. Kai, kifin nan! Ga yaji, ga albasa, ga agada ta soyu ta yi zaƙi. Na manta da baƙin cikina na ɗan lokaci.

Ina cikin tsotsar kan kifi sai Inna Delu ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Alhaji, ruwa fa ya juyo."

Muka miƙe. Filin rairayin nan da muka bari mai faɗi ya rage rabi. Teku tana tahowa a hankali, ta turo kumfa shaaa, ta ja baya kaɗan, ta sake turowa ta wuce inda ta tsaya ɗazu. Mota na nan a tudunta, ƙofofi a wangale. Kyaftin fa? Ƙafafunsa kawai muke hangowa sun leƙo ta ƙofar baya. Gogan ya gama wanki, iska ta kaɗa shi, ya miƙe a kujerar Alhaji, wadda ko 'ya'yan Alhaji ba sa zama a kai, yana sharar barci.

"Kyaftin!" in ji Alhaji. "Kyaftiiin!"

Ina! Ƙarar matsirga ta haɗiye muryar. Muka haɗa baki mu uku, masu rumfuna suka taya mu, har da mai busa usur. Ko motsi bai yi ba. Alhaji ya kira wayarsa, tana aljihun rigar da ke rataye a madubi tana ta kuka ita kaɗai.

"Lawandi, ruga!"

Na ruga. Amma kafin in kai, ɗan kwarin nan da ya tsallake ya cika. Ashe ruwan ta baya yake fara zagayowa. Na tsoma ƙafa na ji ya kai gwiwa, yana ja, rairayi yana zamewa a ƙarƙashina. Na koma da baya.

"Shiga mana!" in ji Alhaji, wanda ya biyo bayana.

"Ranka ya daɗe, ni mutumin bokiti ne. Mai sani yana ciki."

Muna tsaye muna kallo ruwa ya fara kwasar kaya. Ya ɗauki kafet na farko, ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki bokiti da soso. Ya ɗauki silifas ɗin Kyaftin, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Sannan wata igiya mai ɗan ƙarfi ta zo ta shiga ta ƙofar hagu ta fita ta dama. Fatsam!

Sai ga Kyaftin ya wuntsilo waje. Ya dubi gaba, ruwa. Ya dubi baya, ruwa. Ya yi tsalle ya faɗa gidan gaba ya murza makulli. Mota ta tashi. Ina daga nan ina ihu, "A hankali! Kada ka taka da ƙarfi!" Amma mutumin da ya firgita ina ya ga hankali? Ya danne totur har ƙasa. Vuuuum! Tayoyi suka yi ta juyawa suna watsa rairayi, mota tana tona wa kanta kabari. Ya sa ribas, ta ƙara nutsewa. Ya sa gaba, ta zauna daram a kan cikinta. Wata igiya ta zo ta mari bonet. Injin ya yi tari sau biyu, kuf, kuf, ya yi shiru.

Alhaji ya zauna daɓas a kan rairayi ya ɗora hannu biyu a ka. Ba zan yi muku ƙarya ba, motar ta ba ni tausayi har idona ya kawo ruwa. Amma can ƙasan zuciyata akwai wani abu da yake ta rawa.

Kyaftin ya fito ta taga ya dare rufin mota. Ya yi rub da ciki ya ƙanƙame ƙarfen ɗaure kaya. Yanzu kam ko matsirga ba ta iya danne muryarsa ba.

"Wayyo Allah! Jama'a! La'ilaha illallahu! Ku cece ni! Alhaji, ina da 'ya'ya! Wayyo Innata!"

"Yi iyo ka fito mana!" na ƙwala masa. "Taku talatin ne!"

"Ba irin ruwan iyo ba ne wannan!"

Masunta biyu suka kwance kwalekwale suna dariya, suka tura, nan da nan suka isa gefen mota. Suka yi masa nuni ya sauko. Ya miƙo ƙafa ɗaya, kwalekwale ya yi ɗan lilo, ya janye ta da sauri kamar ya taka wuta. Suka riƙe masa jirgin gam. Ya sake gwadawa, ya sake janyewa.

"Yana motsi! Ku ce ya daina motsi!"

Suka yi, suka yi, ya ƙi. Ɗaya ya kama hannunsa, Kyaftin ya kusa cizonsa. Suka gaji suka dawo suna girgiza kai. Masu yawon kallo kuwa duk sun juya wa matsirga baya, wayoyi sun koma kan jif da abin da ke kanta.

Inna Delu ta yi tsaki mai tsawo. Ta sauke kifinta daga wuta don kada ya ƙone, ta ɗaure zani tamau, ta ɗauki wani zanin ta saɓa a kafaɗa, ta shiga ruwa tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa. Iyakar ruwan ƙirjinta. Ta isa, ta juya wa mota baya.

"Sauko."

"Inna, zan nutse!"

"Ni na nutse? Sauko, ɗan banza, kifina na hucewa."

Ya sulalo ya manne a bayanta. Ta yafa zani ta ɗaure shi, ta yi masa goyo sosai, har da ɗan girgizawa don ya zauna daidai. Ƙaton mutum mai gemu, ya saƙale wuyan tsohuwa, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Haka ta keto ruwa da shi. Da suka iso tudu bai ma san an iso ba, sai da ta kwance zanin ya faɗo tim a gaban Alhaji.

Bayanmu jif ta nutse har gilashi, ruwa yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Alhaji ya zuba wa Kyaftin ido.

Wani mai kunya da sai ya nemi gafara ya yi shiru. Amma Sallau ne. Ya miƙe yana ɗigar da ruwa, ya matse gemu, ya gyara murya. Na ga idonsa yana juyawa, na san wata ƙaryar ce take nuna.

"Alhaji, kada ka ga laifina. Zagon ƙasa aka yi mana."

"Zagon ƙasa," in ji Alhaji a hankali.

"Ƙwarai. Ni na san ruwa. Ruwa ba ya tashi haka kawai da rana tsaka, ba hadari ba ruwan sama. Dam aka buɗe!"

"Dam."

"Dam mana! Wani mugu ne ya ga motarka ya saki ruwa. Kuma ba sanarwa! A wajenmu kafin a saki ruwan dam sai an yi kwana uku ana faɗa a rediyo, masu gonakin fadama su kwashe kayansu. Nan kuwa ko shela babu. Wallahi ba za mu yarda ba. A nemo mai gadin dam ɗin nan, ƙara za mu kai!"

Wani ɗan kasuwa da ke jin Hausa ya fassara wa masunta. Kai, jama'a! Na ga dariya a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Wani ya faɗi yana birgima a rairayi. Wani ya rungume bishiyar kwakwa yana hawaye. Mata masu kifi suka riƙa tafawa suna guɗa. Har mutumin da ya fassara sai da ya tsuguna ya riƙe ciki.

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya dubi Inna Delu.

"Inna, kullum ruwan nan haka yake yi?"

"Kullum, Alhaji. Ya tafi ya dawo. Jaririn garin nan ma ya sani."

"Kin san kasuwar manja da busasshen kifi?"

"A cikinta na yi furfura."

"To in kin yarda, ke ce wakiliyata daga yau. Shago da babur, ki ba wanda kika ga dama ya hau."

Sallau ya yi wuf ya shiga tsakaninsu. "Haba Alhaji! A kan laifin wani za a hana ni? A kamo mai buɗe ruwan nan tukuna! Ni dai a nuna mini ofishinsa, in je in same shi ido da ido!"

Inna Delu ta shiga rumfa. Ta fito da buta a hannu ɗaya, tabarma a ɗaya, ta dire su a gabansa.

"Mai buɗe ruwan nan, ɗan nan, sau biyu yake buɗewa kowace rana tun ba a haifi kakan kakanka ba, kuma bai taɓa sanarwa a rediyo ba." Ta ɗaga hannu ta nuna masa gabas. "Ga buta, ga tabarma, ga alƙibla can. Shigar da ƙararka."